Amsar Wasiƙunku: Wasan Ces Da Tarkon Sule

 Wannan fili namu ne na amsa wasiƙunku, wanda mukan karanta a rediyo, sa'an nan mu buga a wannan shafi saboda waɗanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana su saurare.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a yankin Funtuwa, wanda ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa. Ga abin da yake cewa a taƙaice:

"Ina da yaro a jami'a. Ya shiga ƙungiyar masu wani wasa da suke kira ces, wai darar Turawa. Kwanakin baya ya ce za su tafi gasa, na sayar da buhun masara na ba shi kuɗin mota da na rajista. Da ya zo hutu na tambaye shi labari, sai ya ce a wasan farko ko zama bai gama gyarawa ba aka cinye shi, cikin taku bakwai. Ya nuna mini takardar da ya rubuta yadda wasan ya gudana, ban gane komai a ciki ba, ga ta nan na haɗo muku. Wane irin wasa ne wannan? Caca ce? Kuma yaya za a cinye mai hankali a taku bakwai, alhali mu a dara sai a yini ana fafatawa? Yanzu ga shi yana neman kuɗin wata gasar. In ba shi ko in hana?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka, Allah ya bar zumunci. An yi dace, don kuwa ni ma na ɗan taɓa wannan wasa tun ina kwalejin horon malamai. Da na duba takardar yaron sai da na yi murmushi, domin ramin da ya faɗa tsohon rami ne, har suna gare shi. Amma bari mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Asalin wasan

Ko da yake ana ce masa darar Turawa, ba Turawa suka ƙago shi ba. A ƙasar Indiya ya samo asali, wajen ƙarni na 6, inda aka tsara shi kamar rundunar yaƙi mai giwaye da dawaki da kekunan yaƙi da dakaru. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓa suna ce masa shaɗaranj, su kuma suka kai shi Turai ta hanyar Andalus. A ƙarshen ƙarni na 15 ne Turawa suka gyara wasu dokokinsa, ya zama yadda ake yin sa yanzu. Mu ma nan ba baƙo ne ƙwarai ba. A shekarar 1934 wani Bature mai suna C. K. Meek ya rubuta cewa ana yin irinsa a Barno da sunan tsatsarandi, kuma a cikin 'ya'yan wasan akwai mai, da ciroma, da kaigama.

Yadda allon yake

Mutum biyu ke yi, ɗaya da fararen 'ya'ya, ɗaya da baƙaƙe, kowa da 16. Allon yana da gidaje 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Wanda ke son bin wannan bayani sosai, ya zana shi a ƙasa kamar yadda ake haƙa gurabun dara, ya nemi tsakuwa da kara ya jera. Layukan tsaye ana ba su haruffa daga a zuwa h, daga hagun mai fari zuwa damansa. Layukan kwance ana ba su lamba daga 1 zuwa 8, ana farawa daga gaban mai fari. Saboda haka kowane gida yana da suna, kamar e4 ko f7. Su ne abin da ka gani a takardar yaron, Malam, ba wani surkulle ba ne.

A layi na 1 mai fari yana jera manyansa daga a zuwa h kamar haka: hasumiya, doki, giwa, sarauniya, sarki, giwa, doki, hasumiya. A layi na 2 sai dakaru takwas. Mai baƙi ma haka, manya a layi na 8, dakaru a layi na 7.

Kowanne da irin tafiyarsa. Dakare gaba kawai yake yi, gida ɗaya, sai a fitarsa ta farko yana iya yin biyu, kuma a karkace yake ci. Hasumiya tana tafiya sak, gaba ko baya ko gefe. Giwa a karkace take tafiya, kusurwa zuwa kusurwa. Sarauniya ta haɗa tafiyar hasumiya da ta giwa. Doki yana yin gida biyu sak, ya karkata gida ɗaya gefe, kuma shi kaɗai ke tsallake na gabansa. Sarki kuwa gida ɗaya yake takawa ta kowace fuska.

'Yan kasuwa za su so jin farashi. Masu wasan sun yi wa kowanne ƙima: dakare 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Sarki ba shi da farashi, domin shi ne jarin gaba ɗaya. A nan ne ces ya bambanta da dara. A dara sai ka rage 'ya'yan abokin wasanka har ya kasa jera uku, shi ya sa take ɗaukar lokaci. A ces kuwa, da zarar an kai wa sarki hari, ya rasa inda zai gudu, ba mai tare masa, ba mai cinye maharin, to wasa ya ƙare, ko da sauran rundunarsa na nan cif. Ka ga ke nan ana iya gamawa a taku bakwai, ana kuma iya kaiwa taku ɗari. Taku ɗaya shi ne mai fari ya motsa, mai baƙi ya mayar.

Caca ce?

A cikin wasan kansa babu ƙuri'a, babu karta, babu abin da aka ɓoye. Abin da kake gani a allo shi abokin wasanka yake gani, wanda ya fi lura shi ke ci. Gasa kuma tana da tsari. Akwai alƙali, akwai agogo mai fuska biyu da ke ƙidaya wa kowa lokacinsa, wanda nasa ya ƙare ya faɗi. Abin da ka taɓa shi za ka motsa, wanda ka ajiye ka ɗauke hannu kuma ya zauna, babu "tsaya in sake". A gasa mai dogon lokaci dole kowa ya rubuta takunsa da na abokin wasansa. Wanda ya ci yana da maki 1, kunnen doki rabin maki, wanda aka cinye ba shi da komai.

Hukumar wasan ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a birnin Faris a 1924, tana ba 'yan wasa lambar ƙarfi, in ka ci ta hau, in an cinye ka ta sauka. 'Yan ƙungiya irin ɗanka galibi suna ƙasa da 2,000. Mai neman babban matsayin gwanaye sai ya kai 2,500. Magnus Carlsen na ƙasar Norwe ya kai 2,882 a shekarar 2014.

Kuɗin rajista da shi ake kama ɗaki, a sallami alƙalai, a ba waɗanda suka yi fice kyauta. Sai dai gaskiya ɗaya ce, duk wasan da ke duniya ana iya sa kuɗi a kansa a mai da shi caca, har dara da ƙwallo. Wannan halin mutum ne, sai a sa ido. Batun hukuncinsa a addini kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe suna magana a kai, kuma sun saɓa. Wannan fagensu ne, sai ka tuntuɓi malamin da ka amince da shi.

Taku bakwai ɗin

Takun farko-farko, wajen goma zuwa goma sha biyar, su ake kira buɗin wasa. Kamar farkon damina ne: sharar gona, kai taki, shuka a kan lokaci. Wanda ya yi sake a nan, duk wahalar da zai sha daga baya gyaran ɓarna ne. Ga yadda na ɗanka ya kasance. Shi ne mai fari.

Taku na 1: ya tura dakaren gaban sarki zuwa e4. Mai baƙi ya tura nasa zuwa e5. Kowa yana neman tsakiyar fili. Daidai ne.

Taku na 2: ya fito da doki zuwa f3, yana barazanar cin dakaren e5. Mai baƙi ya fito da nasa dokin zuwa c6 don ya tsare dakaren. Wannan ma daidai ne.

Taku na 3: ya fito da giwa zuwa c4. Wannan shi ake kira buɗin Italiya, domin gwanayen ƙasar irin su Greco sun yi rubutu a kansa tun wajen 1620. Giwar tana hangen gidan f7, inda dakaren da ke wurin ba shi da mai tsaronsa sai sarki kaɗai. Har zuwa nan babu malamin wasan da zai ga laifin yaron. To sai mai baƙi ya ɗauke dokin nan da ke gadin dakare, ya kai shi d4. Dakaren e5 ya zama ba mai tsaro, kamar akuyar da aka bari a bakin hanya ba igiya.

Taku na 4: yaron ya sa doki ya cinye dakaren e5. A ganinsa ya samu banza, ga kuma dokinsa da giwarsa duka sun auna f7. Mai baƙi ya fito da sarauniya zuwa g5. Da wannan taku ɗaya ta auna abu biyu: dokin da ke e5, da dakaren g2 da ke kusa da fadar sarkin fari.

Taku na 5: maimakon ya tsaya ya duba gida, sai ya ƙara gaba. Doki ya ci dakaren f7, ya auna sarauniya da hasumiyar h8 a lokaci guda. A lissafin ɗan kasuwa wannan riba ce, ko 9 ko 5, dole ɗaya ta shigo. Mai baƙi bai ko waiwayi hasumiyarsa ba. Sarauniya ta ci dakaren g2, ta tsaya a kan hasumiyar fari da ke h1.

Taku na 6: yanzu hankali ya tashi. Ya janye hasumiyar zuwa f1, kusa da sarki. Sarauniya ta juyo ta ci dakaren e4, ta kai wa sarki hari kai tsaye ta layin e.

Taku na 7: dole ya tare. In ya tare da sarauniyarsa, dokin d4 zai cinye ta. Sai ya dawo da giwa e2 ta tsaya gaban sarki. Mai baƙi ya ɗauki dokin nan da ya yi taku uku yana jira a d4, ya ajiye shi a f3. Shi ke nan.

Dubi yadda sarkin fari ya tsaya a e1. Doki ya kai masa hari, kuma harin doki ba a tare shi. Hagunsa sarauniyarsa ce, damansa hasumiyarsa, gabansa giwarsa, kusurwoyi biyu dakarunsa. Duk ƙofofin nasa ne suka toshe. Giwar tana iya cin dokin a ƙa'idar tafiyarta, amma in ta gusa sarauniyar baƙi na kallon sarki, doka kuwa ta hana ka buɗe sarkinka ga hari. Dara ta ci gida ke nan.

Sunan tarkon

Turawan Ingila suna kiran wannan dabara tarkon sule na Blackburne. Joseph Henry Blackburne gwanin ces ne na Ingila, an haife shi a 1841, ya rasu a 1924. Labarin da ake bayarwa shi ne wai da wannan tarko yake karɓe sule-sule daga hannun 'yan koyo a gidajen shan shayi. Dattawa sun san sule, wanda ya koma kwabo goma da aka kawo naira a 1973. A 1912 ma, a birnin Kolon na Jamus, gwani Boris Kostic ya cinye wani mai suna Muhlock da waɗannan taku bakwai ɗin, ba ƙari ba ragi. Wato ramin ya haura shekara 100 yana cin mutane. Ka faɗa wa yaron ba shi ne farau ba.

Me ya kamata ya yi?

A taku na 4 ne hanya ta rabu. Da ya tambayi kansa, "Don me mutumin nan ya bar mini dakare a banza?" da ya tsira. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk ɗan kasuwar da aka kawo wa buhun wake a rabin kuɗi, ai sai ya soka ya duba ko ƙwari sun cinye cikinsa.

Yana da hanyoyi masu kyau har uku. Ta farko, ya sa dokinsa ya cinye dokin d4, mai baƙi ya rama da dakare. An yi musaya 3 da 3, amma mai baƙi ya rasa abu guda da ya fitar, mai fari kuwa giwarsa na waje. Ta biyu, ya tura dakare zuwa c3 ya kori dokin. Ta uku, ya killace sarkinsa. Killacewa wani taku ne na musamman da kowa ke da damar yi sau ɗaya: sarki ya matsa gida biyu wajen hasumiya, ita kuma ta tsallako ta tsaya gefensa, sai ya kasance a lungu bayan dakaru uku. A taku na 4 hanyar a buɗe take. Da sarauniya ta sauka g2, dama ta wuce.

Ko bayan ya ci dakaren, da sauran gyara a taku na 5. Da ya ci f7 da giwa maimakon doki, sarkin baƙi ne zai sha hari, dole ya gusa, shi kuma ya samu sarari ya killace nasa. Zai yi asarar doki a kan dakaru biyu, wato ya ba da 3 ya karɓi 2, amma wasa na nan da rai. Faɗuwar da ta bar maka jari ba a kiranta karyewa.

Abin lura kuma shi ne, takun nan na mai baƙi zuwa d4 ba taku ne mai kyau ba. Gwanaye ba sa yin sa a tsakaninsu, domin in ba a ci ƙugiyar ba, mai tarkon ne ke komawa baya. Saboda haka kada yaron ya ce zai haddace shi ya rama a kan wani. Zai ci 'yan koyo biyu ko uku, ranar da ya gamu da wanda ya sani kuwa ya sha kashi.

Abin da zai riƙe shi ne ƙa'idojin buɗin wasa, waɗanda kowane malamin ces ke koyarwa. Na ɗaya, ka kama tsakiyar fili da dakaru. Na biyu, ka fito da dawaki da giwaye duka, kada ka yi ta yawo da abu ɗaya sauran na barci. Na uku, ka killace sarki da wuri. Na huɗu, kafin ka ɗaga hannu ka tambayi kanka abin da takun abokin wasanka na ƙarshe yake nufi. Duba takardar yaron ka gani: cikin taku bakwai doki ɗaya ya yi tafiya uku, alhali ɗaya dokin, da ɗaya giwar, da ɗaya hasumiyar, da sarauniya ko motsi ba su yi ba. Kamar mai gandu ne da ya tura yaro ɗaya kiwo da noma da kasuwa, sauran ƙarti na kwance a zaure. A wasan 'yan ƙungiya, yawanci ba zurfin dabara ke raba gardama ba, irin wannan kuskure ne na gaggawa da kwaɗayi. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

A ba shi ko a hana?

Wannan hukuncinka ne, Malam, kai ka san aljihunka, ka san ɗanka. Amma tun da ka nemi shawara, ga tawa.

Da farko, ka tambaye shi sauran wasannin. Yawancin irin wannan gasa ba a fitar da wanda ya faɗi. Kowa yana yin zagaye biyar ko bakwai ko tara, ana haɗa masu maki ɗaya da juna. Ka ji ko nawa ya ci bayan wannan faɗuwa. Yaron da aka kunyata da safe ya dawo ya zauna da rana ya ci gaba, akwai abin yabo a tare da shi.

Na biyu, ka sa ya jera wasan nan a gabanka, ya nuna maka da bakinsa inda ya kuskure da abin da ya kamata ya yi. Amfanin rubuta wasa ke nan. In ya iya, buhun masararka bai tafi a banza ba. In ya ce rashin sa'a ce kawai, to bai koyi komai ba tukuna, ya dakata sai gasa ta gaba.

Na uku, kada a ɗauka sana'a ce. Waɗanda ke ci da iyali da ces kaɗan ne ƙwarai a duniya. Gaskiya ne wani yaro ɗan Indiya, Gukesh, ya zama zakaran duniya a watan Disamba na 2024 yana da shekara 18. Gaskiya ne kuma ɗan Nijeriya Tunde Onakoya, wanda ke koya wa yaran unguwannin talakawa wasan a Legas, ya yi awa 60 yana bugawa a birnin Niyok a watan Afrilu na 2024 don tara kuɗin karatun yara. Amma irinsu nawa ne? Karatun da ka tura shi shi ne gaba. In sakamakon jarrabawarsa na da kyau, ba ya sa kuɗi a kan wasa, ba ya kuma barin salla ko aji saboda shi, ni ban ga laifin a taimaka masa da abin da ya sawwaƙa ba. Sai dai kada a taɓa abincin gida saboda gasa. In ta kusa ce wadda ba sai an kwana ba, ta fi.

Kai kuma saurayi, in wannan shafi ya iso hannunka, ka ji da kyau. Mahaifinka bai san doki ko giwar allo ba, amma ya san ba a sayen abu don araharsa kawai, ya san kuma ba a tafiya kasuwa a bar ƙofar gida a buɗe. Abin da ya ci ka ke nan a taku na 4 da na 5. Ka adana takardar nan, za mu mayar wa Baba da ita ta gidan waya.

To jama'a, a nan za mu dasa aya a wannan mako. Mai tambaya a kan noma, ko kasuwa, ko wani abin da ya shige masa duhu, ya rubuto mana, in Allah ya yarda za mu amsa daidai gwargwado. Sai mako mai zuwa. A huta lafiya.